Mako Bakwai a Ibi Ina Jiran Kunamar Ruwa

Ranar da ake raba batutuwan furojet a sashenmu na kimiyyar kifi, kusan kowa tarwada ya ɗauka. Dalili a fili yake. Akwai kududdufan siminti a bayan sashe, ka sayi 'ya'yan kifi, ka ciyar da su wata uku, ka auna, ka rubuta, ka kama gabanka. Ni kuwa na isa ofishin malamina a makare, na tarar batu ɗaya tak ya rage a takardar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka taɓa jin kunamar ruwa?" Na ce ranka ya daɗe, ta tudu dai na sani, don sau biyu tana harbina a zauren gidanmu. Ya yi dariya, ya jawo wani littafi, ya nuna mini hoton wata halitta kamar faifai da aka maƙala wa bulala.

Kifi ce, in ji shi, 'yar uwar kifin shak. Danginta sun haura nau'i 600, kuma kusan dukkansu a teku suke, amma wannan a ruwan daɗi take zaune, a kogin Binuwai da Kwara da wasu kogunan Kamaru. Abin da yake so in yi shi ne in je bakin Binuwai in auna duk wadda masunta suka fito da ita, in tantance mace ce ko namiji, in duba ko ta balaga, in kuma kawo masa ƙashin bayanta mu ƙirga shekarunta. Sai ya kafa mini sharaɗi guda: "Kada ka sa a kamo maka ko ɗaya. Wadda ta riga ta mutu a taru ita ce taka. Hukumar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa. Ranar da ka sa mata farashi, kai ma ka shiga sahun masu ƙarar da ita."

A watan Maris na sauka Ibi ta jihar Taraba, bayan na kwana a Wukari. Lokacin ruwa ya ja baya, rairayi ya fito fari fat a tsakiyar kogi, zafi kuwa kamar a soya ƙwai a kan kwalekwale. Kayan aikina ba su da yawa: tef irin na tela, ƙaramin sikeli, aska da almakashi, filaya, kwalabe, jarkar fomalin (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa), da wata kula da ban taɓa samun isasshiyar ƙanƙarar da zan zuba mata ba. Wani dattijo Basarke ya sauke ni a gidansa, wanda iyayensa suka biyo ruwa daga ƙasar Kabi tun bai yi wayo ba. Baba nake ce masa, shi kuma daga ranar farko ya raɗa mini Malam Ƙarami.

Kwana goma sha ɗaya na yi ban ga ko wutsiyarta ba. Kullum da asuba ina bakin ruwa ina leƙa jirage. Kurungu, ragon ruwa, ƙarfasa, tsage, wani lokaci giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama. Har yara suka gane ni, da sun hango ni sai su fara ihu, "Babu kunama yau!" Baba ya ce da can, lokacin da yake saurayi, ba a tsallaka rairayin nan da rani sai ana jan ƙafa a ƙasa. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini wani tabo mai zurfi a saman idon sawunsa. Tana binne kanta ne a yashi, idanu kawai a waje. Idan kana jan ƙafa za ka zungure ta ta gefe ta gudu. Idan kuwa ka ɗaga ƙafa ka taka ta a gadon baya, sai ta lanƙwaso wutsiya ta soke ka.

Na tambaye shi me aka yi masa. Ya ce an tsoma ƙafar cikin ruwan zafi har raɗaɗin ya lafa. Abin ya burge ni, domin abin da likitoci ke yi ke nan: ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, na tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, sannan a wanke raunin a duba ko guntun ƙarin ya karye a ciki. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma a wannan babin ba ni da abin da zan ƙara masa.

A rana ta goma sha biyu wani matashi ya zo da gudu ya ce in zo, ta shiga kalli, wato ragar kamun kifi. Na tarar da ita a ƙasan jirgi, ta riga ta mutu, an kuma datse wutsiyar da adda an ajiye gefe. Haka masunta ke yi da zarar ta fito, kuma ban ga laifinsu ba. Na ɗauki wutsiyar da filaya. Ƙarin yana kusa da gindinta ne, ba a ƙarshe ba kamar na kunamar tudu, kuma gefensa biyu duk haƙora ne masu kallon baya, irin na zarto. Yana shiga cikin sauƙi, wajen fita ne yake yaga nama. Dafin yana cikin wata siririyar fata da ta lulluɓe shi, wadda ke fashewa idan ya shiga jiki. Idan ƙarin ya karye ko ya tsufa, wani ne ke tsirowa a madadinsa.

Na shimfiɗa ta a kan buhu. Ba a auna irin wannan kifin daga baki zuwa wutsiya kamar sauran, tunda wutsiyar kan guntule. Faɗin faifan jikin ake aunawa, daga gefe zuwa gefe. Na samu santimita 27. Nau'in gaba ɗaya ba ya wuce wajen 40, saboda haka ba ƙarama ba ce. Bayanta ruwan ƙasa ne mai santsi, cikinta fari. Idanu suna sama, baki yana ƙasa, wato ba ta taɓa ganin abin da take ci. Bayan kowane ido akwai wata ƙofa da take zuƙar ruwa ta nan, don kada ta shaƙi yashi idan tana kwance, sai ruwan ya fita ta tsagogi biyar-biyar da ke ƙasan ƙirjinta. Kewayen bakin kuma akwai ƙananan huji kamar an tsira allura, waɗanda da su take jin ɗan lantarkin da jikin kowane abu mai rai ke fitarwa. Da haka take gano ƙwaro a ƙarƙashin laka.

Ina ta cewa "ita", ashe namiji ne. Gane wannan shi ne abu mafi sauƙi a aikin gaba ɗaya. Ka kifar da shi ka duba gindin wutsiya. Namiji yana da wasu gaɓoɓi biyu kamar yatsu, ɗaya a jikin kowane ƙaramin fiffiken baya. Mace ba ta da su. Da ɗaya daga cikinsu yake saduwa da mace, domin waɗannan kifaye ba sa zubar da ƙwai da maniyyi a ruwa kamar tarwada, a cikin jikin macen ake ɗaukar ciki. Malamina ya koya mini in lanƙwasa gaɓar da yatsa. Idan gajeruwa ce mai laushi kamar ɗanyar kuɓewa, yaro ne. Idan ta zarce fiffiken kuma ta yi tauri, ya balaga. Ta wannan ta ƙi lanƙwasuwa. Na rubuta "baligi", matasan da suka kewaye ni suka fashe da dariya, wani ya ce to sai a nema masa mata.

Da na tsaga cikinsa, hanta ce ta fara bayyana, babba mai maiƙo. Ba su da jakar iskar nan da ke taimaka wa sauran kifaye yin iyo. Hanjin gajere ne, amma cikinsa a murɗe yake kamar matattakalar hasumiya, yadda abinci zai daɗe yana zagayawa. A tumbinsa na samu ragowar tsutsotsin ƙwarin ruwa, irin waɗanda ke girma a ƙasan kogi kafin su yi fiffike su tashi. Ƙashi kuwa babu ko ɗaya, duk guringuntsi ne, har ƙoƙon kai da abin da muke kira ƙashin baya. Na yanko wani yanki na gadon baya daga daidai saman ciki, na sa a leda, na miƙa wa mai jirgin sauran kifinsa.

Akwai wani wari da ya maƙale a hannuna ranar, ɗan tsami-tsami kamar na fitsari, kuma wannan warin yana da tarihi. 'Yan uwanta na teku suna tara yuriya a jininsu, sinadarin nan dai da ke cikin takin zamani, don kada gishirin teku ya tsotse musu ruwan jiki. Waɗanda ke zaune a kogunan Kudancin Amurka, irin su Amazon, sun daɗe a ruwan daɗi har sun daina tara shi. Lokacin da wasu masana biyu, Stauch da Blanc, suka fara bayyana tamu a 1962 daga Garwa ta ƙasar Kamaru, sai suka jera ta da na Amazon ɗin, kuma daga sunan garin ta samu sunanta na kimiyya, garouaensis. A 1975 Thorson da Watson suka duba jininta da ƙirar jikinta, suka ga har yanzu tana riƙe da yuriya, sai suka mayar da ita cikin dangin teku. A 2016 aka sake yi mata gida, yanzu Fontitrygon garouaensis ake kiranta. Baƙuwa ce ke nan da kakanninta suka hauro daga teku, kuma har yau guzurin tafiyar bai ƙare a jininta ba.

Ta biyu ban ma same ta ba. Kafin labari ya iso ni ta shiga bandar wata tsohuwa. Na je na tsaya ina kallon bayanaina suna hayaƙi. Ta ce, "Ɗan nan, in kana so in ɗiba maka ne ka faɗa." Na ce a'a Inna, na gode. Ta uku ƙaramar mace ce da ba ta balaga ba, jakar ƙwanta siririya, mahaifarta kamar zare.

Ta huɗu ce ta sa nake wannan rubutu. A mako na shida ta fito, da sassafe, a tarun Baba da kansa. Faɗinta santimita 33, kuma tun kafin in taɓa ta na ga bayanta ya ɗan yi tudu daga ɓangaren hagu, kusa da wutsiya. Na duba gefen faifan ko zan ga tabon cizo, domin a nau'o'i da yawa namiji yakan kama gefen mace da haƙori ya riƙe lokacin saduwa, har ma haƙoransa kan yi tsini a lokacin barbara. Na ga wasu 'yan zane-zane da suka warke. Baba ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Malam Ƙarami, yi a hankali, wannan ba ita kaɗai ba ce."

Na tsaga a hankali, na ɗage hanta. Jakar ƙwai ta hagu ce kawai ke aiki, kamar yadda yake a yawancin danginta, kuma akwai ƙwayaye rawaya a jikinta da ke jiran zagaye na gaba. Mahaifar ta kumbura, ta cika gefen cikin. Da na yanka ta sai wani ruwa mai kauri, fari-fari kamar madara, ya gangaro kan buhun. Bangon mahaifar daga ciki duk wasu dogayen zaruruwa ne jajaye, cunkus kamar gashin tawul. A tsakiyarsu kuma ga shi nan, ɗa guda ɗaya, bai cika tafin hannuna ba, ya naɗe fikafikansa kamar tabarma.

Na karanta wannan a littafi ya fi sau goma, amma sai da hannuna ya yi rawa. Komai na uwarsa yana da shi: idanu, ƙofofin numfashi, wutsiya siririya kamar tsinke, har da alamar 'yan gaɓoɓin nan biyu da suka nuna namiji ne. A ƙasan ƙirjinsa akwai wata 'yar jaka da ta motse, ragowar gwaiduwar ƙwan da ya fara rayuwa a kanta. Babu cibiya, babu mabiyiya irin ta akuya. Tsarin shi ne, ƙwan yana ƙyanƙyashewa a cikin uwa, ɗan ya ci gwaiduwa har ta ƙare, daga nan sai waɗancan jajayen zaruruwa su shiga tsatso masa wannan madara mai maiƙo da gina jiki. Masana suna ce mata nonon mahaifa. A wasu nau'o'in zaruruwan har cusa kai suke yi cikin ƙofofin bayan idon ɗan, su zuba masa madarar kai tsaye. Wato tana shayar da shi tun yana ciki, ranar da ta haife shi kuwa ranar aka yaye shi. Yana fitowa zai warware fikafikai ya nutse ƙasa ya fara neman abincinsa, ba reno, ba goyo.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tambayar da ban taɓa jin wani ɗalibi ya yi a aji ba. "To shi wannan, ba ya harbin uwarsa wajen fitowa?" Na taɓa wurin da bakin filaya na nuna masa. Ƙarin yana nan, amma da laushi, kuma a cikin kube yake. Sai bayan haihuwa yake bayyana ya yi tauri. Ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko." Ya ce sau da yawa yana ganin suna zubar da 'ya'ya a cikin jirgi idan an kama su, ya ɗauka lokacin haihuwarsu ne ya yi. Na gaya masa ɓari ne. Tsoro da wahalar kamu ke sa su sakin cikin ko bai isa ba, kuma an san danginsu da wannan a duk inda ake kama su.

A daren na kasa barci, ina ta lissafi. Abokaina da ke can makaranta suna matse tarwada guda ɗaya su fitar da dubun dubatar ƙwai a kwano. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rayu, an cika kududdufi. Wannan kuwa sai ta yi shekaru kafin ta balaga, ta ɗauki ciki na watanni, ta haifi abin da bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kuma taru ɗaya ake ja wa su duka biyun. Ba ita kaɗai ke da wannan hali ba. Babbar yayarsu ta teku, wadda ake kira "manta", ɗa ɗaya take haifa bayan cikin shekara guda, sannan takan huta shekaru kafin wani. Wadda ta haihu a gidan kifin Okinawa na ƙasar Japan a 2007 kwana 374 ta yi da ciki, ɗan ya fito da faɗin mita 1.9. Akwai dai wani reshe na dangin, mazauna teku mai sanyi, da ke saka ƙwai cikin wata jaka mai tauri mai ƙaho huɗu su bar ta a ƙasan ruwa, amma ko su ba sa kusantar yawan ƙwan tarwada. Shi ya sa da aka yi babban bita a 2021 aka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na shak da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kamun kifi da kansa shi ne babban dalili. A Binuwai ba wanda ke fita don neman kunamar ruwa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Tsautsayi ne kawai ke haɗa ta da ragar da aka kafa wa wani.

Na sa ɗan a kwalbar fomalin, na ɗauki ƙashin bayan uwar. Mako guda na ƙara ban samu komai ba, kuɗin guzuri ya ƙare, na haɗa kayana.

Aikin ɗakin gwaji shi ya fi cin rai. Irin waɗannan kifaye ba su da ɓawo ko dutsen kunne da ake ƙirga shekarun sauran kifaye da su, sai dai ƙullin gadon baya. Kowane ƙulli bai wuce ƙwayar wake ba. Za ka rarraba su, ka kankare nama, ka jiƙa a ruwan bilic na 'yan mintoci, ka ɗauraye, ka shanya. Na farkon na manta shi a bilic na tafi sallah, na dawo na tarar ya zama kamar alli, yana marmashewa. Malamina bai ce uffan ba, sai dai kallon da ya yi mini ya isa. Bayan ya bushe sai ka kafe shi, ka yanko siririn yanki ta tsakiya, ka goge shi a takardar yashi har haske ya riƙa ratsa shi, ka ɗiga masa jan rini, ka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A nan za ka ga zobba, mai haske da mai duhu suna bin juna, irin na kututturen bishiya. Zoben farko alamar haihuwa ce, ba a lissafa shi. Waɗanda ke kusa da tsakiya suna da tazara, saboda ƙuruciya lokacin saurin girma ce. Daga inda kifi ya balaga sai su fara matsuwa, domin abincin da ke tafiya wajen girma ya koma wajen ciki da haihuwa. A ƙashin uwar nan na ga wannan matsuwa da idona.

Ƙa'ida ita ce mutum biyu su ƙirga, kowa shi kaɗai, ba tare da sanin girman kifin ba. Ni na samu biyar, malamina ya samu shida. Muka sake bayan mako biyu, na samu shida, shi ma shida. Ya hana ni rubuta "shekara shida". Ya ce in rubuta "zobba shida", domin kafin a kira zobe shekara a kowane nau'i, sai an yi wa kifi mai rai alamar rini an sake shi, an kuma kama shi daga baya an ga zobe nawa ya ƙaru. Na so in yi gardama, sai na tuna da ƙullin da na narkar, na ja bakina na yi shiru.

Ranar kare furojet ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya ce kifi uku ba bayanai ba ne, labari ne. Gaskiyarsa, kuma makin da na samu ya nuna haka. Kwalbar dai tana nan a kan kantar ɗakin gwaji, da rubutun hannuna a jikinta.

Bayan damina, da ruwa ya fara sauka, sai ga kira daga wata lamba da ban sani ba. Ɗan Baba ne, ya miƙa masa wayar. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida da su Inna mai banda, sai ya ce, "Malam Ƙarami, mutuniyarka ta shiga taru shekaranjiya. Bayanta da tudu, irin na waccan. Ban bari an ɗago ta cikin jirgi ba, a ruwa na yanke ragar ta wuce." Na shiga yi masa godiya, ya katse ni. "Ba godiya na kira ka yi mini ba. Taruna ya ɓarke kamu uku, kuɗin zare a kanka yake."

Na tura masa a ranar, har da ladan ɗinki. Malamina dai ban gaya masa ba.